Robar Farfesan Kwalabe

Ku matso ku ji, amma mai tsantseni ya ɗan ja baya, don labarin nan da ɗoyi a cikinsa.

Akwai wani mutum da duk layinsu ke kira Farfesa. Ba wai ya taɓa koyar da ko da kaza ba ne. Aikinsa wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar bincike, shekara goma sha bakwai yana cuɗa gilasai da buroshi. Amma in yamma ta yi ya zauna a bencin mai faci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya ce, "Yau mun sha fama ni da Dakta, amma dai na gano mata bakin zaren," sai ka rantse shi ya gina cibiyar. Mai faci ne ya laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuwa gogan ya karɓa hannu bibbiyu.

Ita Daktar mace ce siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Shekara biyu ke nan tana kan abu ɗaya: yadda za a juya iskar metan, wadda ke tashi daga rijiyar mai da juji da kashin shanu, ta koma iskar etilin, wadda da ita ake yin robar bokiti da leda, kuma ita ce ke sa ayaba ta nuna. Wata rana ta ga Farfesa ya ƙura wa na'urarta ido, sai ta yi kuskuren yi masa bayani.

"Baba, ita metan ba ta son haɗa kai da 'yar'uwarta. Sai an tura su cikin bututun nan, zafi ya kai digiri ɗari takwas, sannan wannan farin garin ya shiga tsakani ya sa su riƙe hannun juna bibbiyu. Ana kuma ba su iskar oksijin, amma 'yar mitsitsiya. In ta yi yawa komai ƙonewa yake yi, a tashi da hayaƙi da tururi."

"To nawa ake samu, ranki ya daɗe?"

"In an yi sa'a, kashi ashirin da ɗoriya cikin ɗari."

Farfesa ya gyaɗa kai ya koma kan wankinsa, amma a ransa ya riga ya yanke hukunci: rowa ce. Iskar da Allah ya cika duniya da ita kyauta, a ce ita ake aunawa kamar maganin ido! Shi kuwa Farfesa duk wanda ya san shi ya san hannunsa a sake yake. Shayinsa cokali biyar na sukari yake sha. In likita ya ce ƙwaya ɗaya, biyu yake haɗiya don ciwon ya san da wa yake yi.

Abu ɗaya ne a duniya Farfesa yake ji da shi kamar ransa, wato makullin ɗakin gwajin. Wata uku da suka wuce Dakta ta damƙa masa, ta ce, "Baba, na yarda da kai. Amma ranar da ko allura ta fita daga ɗakin nan, makulli ya dawo hannuna." Ya zura shi a igiyar takalmi ya rataya a wuya, kuma ba ya taɓa sa shi cikin riga. A waje yake barinsa yana lilo, don makaho ma ya ji ƙararsa. Shekara goma sha bakwai ba wanda ya taɓa ba shi amanar komai sai buroshi, kuma abin ya taɓa shi ƙwarai.

To, ranar nan da yamma ya iso benci yana huci.

"Na gano inda Dakta take kuskure," in ji shi. "Ku ba ni wata ɗaya. A tsakar gidana zan yi roba."

Mai faci bai ko ɗago daga tayar da yake dannawa cikin ruwa ba. "Da me?"

"Da kashin shanu."

"To ai kai ne za ka yi arziki, don kanka ma cike yake da shi."

"Yi dariyarka. Ranar da bokiti ya fara fitowa daga bututu, ko kallo sai ka bi layi."

"Bokitin da hannunsa zai fito, ko daga baya ake sa masa?"

"Wannan tambayar jahilai ce," in ji Farfesa, don shi ma bai sani ba.

Washegari ya ari baro ya nufi garken shanu na bayan gari. Sawu tara ya yi. Ya juye cikin tsohon duro, ya tsiyaya ruwa, ya dama da tsumagiya, ya rufe, ya ɗaure murfin da yankin tsohon tub na taya. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya tana kallon ikon Allah.

"Maigida, wannan kuma wane sabon salo ne?"

"Kimiyya ce. Ba za ki gane ba."

"Hancina dai ya gane."

"Ki yi haƙuri mako uku. Bayan nan ko kujerar roba kike so, ki faɗi launi kawai."

"Launin da nake so shi ne ka kwashe min ƙazantar nan daga bakin kicin."

Bai kwashe ba. Mako na farko ƙudajen unguwa suka yi ƙaura zuwa gidan da iyalansu. Mako na biyu duro ya fara gurnani, ya yi ƙugi can cikin cikinsa kamar wanda ya ci wake ya kwanta. Maƙwabcinsu tela ya leƙo ta katanga da tsumma a hanci ya ce masu kawo ɗinki sun fara mayar masa da kaya, wai yadin yana wari.

"Warin ci gaba ne," in ji Farfesa. "Ka rubuta abin da kake so, ko maɓallai ne."

Abin mamaki, tela ya rubuta. Haka mutane suke, wallahi: su zage ka da safe, da yamma su sa suna a takardarka don kada a yi rabo ba su. Kafin mako na uku takardar Farfesa ta cika: bokiti goma sha ɗaya, baho huɗu, silifa ƙafa shida, da wani tsoho da ya ce shi haƙoran roba yake so.

Sai ga Inna mai ayaba, wadda ke da tebur a bakin titi, ta shigo tana dogara sanda.

"Ɗan nan, an ce iskarka tana nunar da ayaba?"

"Inna, a minti biyar. Ta shiga kore shar, ta fito ruwan ɗorawa."

"Ina da kwando uku sun ƙi nuna, sai kallona suke."

"Ki kawo su ranar Asabar. Kuma ki gaya wa kowa ya zo."

Inna kuwa ba a ba ta saƙo sau biyu. Duk wanda ya tsaya a teburinta, ko hanya ya tambaya, sai ya ji labarin Asabar.

Saura bututu. Farfesa ya zagaya gidan kaf bai ga ƙarfe mai rami ba sai na gadon Maman 'Yan Biyu. Ya jira ta tafi kasuwa ya kwance dogon ƙarfen gefe, ya tokare gadon da bulo. Ta dawo a gajiye ta zauna a bakin gado, ita da katifa suka tafi ƙasa tare. Abin da ta faɗa masa ranar nan ba zai maimaitu ba, amma tela ya ce har keken ɗinkinsa ya tsayar don ya ji da kyau.

Saura abu na ƙarshe, shi ne farin garin Dakta. Wata takwas ta yi tana haɗa shi, tana gasawa tana niƙawa tana sake gasawa, duka bai cika 'yar kwalba ɗaya ba. Kuma ranar Litinin manyan baƙi za su zo su ga aikinsa, su ne za su ce a ci gaba da binciken ko a rufe ɗakin. Farfesa ya san wannan sarai. Amma ya ce wa kansa ai aro ba sata ba ne, kuma Dakta da bakinta ta ce garin ba ya ƙarewa, shiga tsakani kawai yake yi. Zai ɗauka Juma'a, ya mayar Lahadi, Litinin kuma ya nuna mata yadda ake samun ɗari bisa ɗari.

Ranar Juma'a Dakta ta tashi da wuri, ta bar shi da shara da wanki. Ya sauko da kwalbar garin ya ajiye a kan tebur kusa da wurin wanki. To shi Farfesa ba ya yar da kwalba, garin wankinsa ma, irin marar ƙamshi da ake ba su a wurin aiki, a cikin irin wannan kwalbar yake zuba shi. Ya ga yatsunsa sun ɓata gilashin, ya sa jiƙaƙƙen tsumma ya goge kwalaben biyu da ƙarfinsa na kullum, har 'yar takardar da Dakta ta manna ta saɓule ta bi tsumma. Nan ya ji takun mai gadi a baranda. Cikin sauri ya cafki wadda ta fi haske ya cusa a aljihu, ya juya ya kama wanki yana waƙa.

Wankin ma ranar bai yi masa daɗi ba. Ya barbaɗa gari, ya cuɗa, ba kumfa. "Kamfanonin nan sun fara ha'inci," ya ce, ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Da ya ga abin na raini ne sai ya juye kwalbar gaba ɗaya, ya saki famfo, ya ɗauraye, ya kulle ɗaki ya tafi.

Asabar da hantsi tsakar gidan ya cika maƙil, har kan katanga. Farfesa ya fito cikin farar rigar da ya aro a gidan burodi, makulli na lilo a ƙirji. Ga duro a gefe yana gurnani. Ga ƙarfen gado a kwance kan murhun gawayi, an ɗura masa garin an toshe da tsumma. Tiyo ɗaya ya taho daga duro, ɗaya daga injin ba taya iska na mai faci, wanda ya yarda ya kawo don kawai ya samu wurin tsayawa a gaba. Ɗaya bakin ƙarfen kuma ya leƙa ƙarƙashin tamfol, inda kwandunan Inna suke. Maman 'Yan Biyu ta kwashe shanyarta, ta cika bokiti biyu da ruwa ta ajiye kusa da ƙafarta.

"Jama'a," in ji Farfesa, "abin da masu digiri suka kasa a shekara biyu, yau za ku gani kafin shayi ya huce. Su suna samun ashirin. Me ya sa?"

"Saboda ba su da kashin shanu!" wani ya amsa daga kan katanga.

"Saboda rowa! Mai faci, tada inji."

"Farfesa, ka auna zafin kuwa? Ka ce ɗari takwas."

Farfesa ya tofa yawu a kan ƙarfen, ya yi cuu. "Ɗari takwas da goma," in ji shi.

Ya murɗe bakin tiyon duro. Wani irin wari ya fito wanda ya sa layin gaba ya koma layin baya. Ruwan duro ya biyo tiyo yana ɓulɓul, inji ya kama tatata, sai ga wani farin abu ya fara tsartuwa daga gefen tamfol, yana kumbura yana taruwa.

"Ga ta nan!" Farfesa ya daka tsalle. "Ga roba! Ɗanya ce, ba ta daskare ba! Mai bokiti ya matso!"

Mutane suka yi caa. Tsohon nan mai son haƙora ya kutsa ya dangwala da yatsa ya shafa a dasashi, ya tofar ya ce ɗaci gare ta.

"Farfesa," in ji mai faci, "robar nan taka kamar kumfa."

"Haka take farawa. Ƙara iska!"

"Ka ce Dakta ta ce kaɗan."

"Dakta ce a nan ko ni? Ƙara!"

Mai faci ya ƙara. Gawayi ya yi ja wur, wuta ta lasa bakin ƙarfen, sai fuu! Wani dogon harshen wuta ya fito ya shige ƙarƙashin tamfol. Inna ta ƙwalla ihu.

"Ayabata! Ɗan nan, ayabata!"

"Nuna take yi, Inna! Ƙamshin da kike ji ke nan! Ƙara iska!"

"Ta ƙare, malejin ya kai ƙarshe!"

"To danne shi a nan!"

Abin da Farfesa bai lura da shi ba, tsumman da ya cusa ya dunƙule ya toshe ƙarfen. Iska ta rasa hanyar gaba, ta juya ta bi ɗaya tiyon ta shige duro. Duro ya daina gurnani. Cikinsa ya fara fitowa, tub ɗin da ke riƙe da murfi ya miƙe yana ƙiƙiƙi. Maman 'Yan Biyu ce kaɗai ta gani. Ta ɗauki murfin babbar tukunya ta kifa a ka, ta tsuguna.

Bum!

Murfi ya yi sama ya sauka a rufin tela. Abin da ke cikin duro kuwa, ajiyar mako uku, ya tashi ya yi lema a kan jama'a, ya sauko bai bar kowa ba. Na kan katanga suka zubo. Tela ya yi ta salati yana sharce gemu. Maman 'Yan Biyu ta miƙe ta watsa bokitanta a kan tamfol, wuta ta mutu. Aka yaye, ga ayabar Inna kwando uku baƙi ƙirin, tana hayaƙi.

"Ka ce ruwan ɗorawa," in ji Inna.

"Ta ɗan zarce ne, Inna."

Sandar Inna ta sauka a kafaɗarsa. Yana cikin kare ta biyu ya hango wata siririyar mace mai tabarau tsaye a bakin ƙofa da jakar cefane, tsaf da ita, don yanzu ta iso. Ashe Dakta duk Asabar a wurin Inna take sayen ayaba. Ta tarar da teburin a rufe, maƙwabta suka ce ai Inna tana gidan Farfesan da ya gano kuskuren wata Dakta.

Farfesa ya dubi ƙarfen gado, wayam, ba ko ƙwayar gari. Wata takwas na aikin baiwar Allah ya bi iska. Tsoro da kunya suka rufe shi lokaci ɗaya, ya zube a gabanta cikin caɓi.

"Ranki ya daɗe, na ci amana. Garinki na ɗauko. Jama'a ku shaida, ni ba farfesa ba ne, kwalabe nake wankewa! Ko sunan garin ban iya faɗa ba!"

"Wannan kam mun daɗe da sani," in ji mai faci.

Dakta ta dubi ƙarfen gadon. Fuskarta ta yi fari. Ta taka a hankali ta tsallake caɓi, ta tsuguna gaban farin abin da ya taru a gefen tamfol, ta dangwala ta murza a yatsu. Ta sake murzawa. Sai ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, dariya ta kufce mata.

"Baba, wannan ai garin wanki ne. Nawa ba ya kumfa."

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Farfesa ya miƙe zumbur, ya gyara wuyan rigar gidan burodi.

"Ato! Ni ma na ce! Da gangan na yi, gwaji ne na farko. Wa zai fara da gari mai tsada? Ai mu masana..."

"Dakata," in ji Dakta. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "In garin wankin ne ka kawo gida, da me ka wanke kwalabe jiya?"

Farfesa ya dubi sama, ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi gefe.

"Shi ya sa bai yi kumfa ba," ya ce a hankali.

"Cokali nawa ka zuba?"

"Da farko ɗaya."

"Daga baya fa?"

"Ranki ya daɗe, kin san ni ba ni da rowa."

Dakta ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Hannu kawai ta miƙa. Farfesa ya sunkuyar da kai ya zare igiyar takalmin daga wuyansa. Ya goge makullin da ɗan wurin da ya rage fari a rigar, ya ɗora a tafinta. Wuyansa ya yi masa sakayau, idonsa ya kawo ruwa.

"Litinin ƙarfe tara ka zo," in ji Dakta. "Ni ba zan iya faɗa wa baƙin nan cewa wata takwas ya bi rariya ba. Kai za ka tsaya a gabansu ka gaya musu da bakinka, tun daga kan duro."

Ta juya ta fita. Jama'a suka fara sulalewa, kowa na riƙe da rigarsa nesa da jiki. Farfesa ya tsaya yana shafa inda makulli yake kwanciya a ƙirjinsa. Can sai ya ja majina, ya ɗago, ya taɓa mai faci da gwiwar hannu.

"Ka dai ji da kunnenka ko? Manyan baƙi za su zo, kuma ni aka zaɓa in yi jawabi."

Maman 'Yan Biyu ta miƙa masa tsintsiya da bokiti.

"Kafin jawabin, Farfesa, a fara da bakin kicin. In ka gama ka mayar min da ƙarfen gadona."